Murhun da Ba Ya Barin Garwashi

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kawo mini nono ta tare ni a ƙofar gida wai da gaske ne na je Nijar koyon dafa abinci da ruwa. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa nasa gishirin kafin ya kai gaba. To ga shi nan daga bakina. Wanda ya sake tambayata zan ce ya je ya karanta.

Sunana Saude, ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata babbar makaranta a nan Daura. Amma ba aikin makaranta ne ya tayar da ni ba, Inna ce, mahaifiyata. Tana zaune a ƙauyenmu can bayan Sandamu, kuma tun kafin a haife ni take suyar ƙosai da asuba. Hayaƙin itace ya cinye mata ƙirji. Ta kai ba ta iya gama gaisuwa: za ta fara da kwana, kafin ta kai ga tambayar yara tari ya sarƙe ta, sai ta ɗaga hannu ta ƙarasa da ka. Likita bai ɓoye mana ba, a gabanta ya ce ko ta rabu da hayaƙi, ko mu fara shirin rabuwa da ita.

Na ce ta bar suyar, ni zan ɗauki nauyinta. Ta yi mini wani kallo kamar na ce ta bar salla. Na saya mata tukunyar gas, ta ƙare, babu mai kawo ta Daura a cika, ta mayar da ita wurin kife ƙwarya. Na yi tunanin murhun lantarki da sola, sai na tuna Inna tana gama suya kafin rana ta yi ƙarfi, batir kuwa kun san yadda zafinmu ke kashe shi.

Shi ne na koma kan abin da nake koya wa ɗalibai a allo. In ka tsoma farantan ƙarfe biyu a ruwa ka sa musu lantarki, ruwan yana rabuwa ya zama iska iri biyu. Ɗayar ita ake kira haidurojin, tana ci da wuta, ba hayaƙi ba toka. Sola ta yi aikin da rana, a tara iskar, da asuba a kunna. A allo abin gwanin sha'awa. Da na haɗa nawa a bayan gida kuwa, kaico! Ya sha lantarkin yini guda ya ba ni iskar da ba ta tafasa ruwan shayi ba, ruwan ya koma ja kamar na kududdufi, farantan suka yi tsatsa. Wani abokin aikina ya ce akwai ɗakin bincike a Yamai da wata mata ke jagoranta, aikinsu ke nan, rage asarar lantarki a irin wannan na'ura. Na rubuta mata, ta ce in zo da abin nawa ta gani. Maigida ya amince, ƙanwarsa ta karɓi yara, na naɗe na'urata da tsohon zani na sa a akwati.

Daga Daura zuwa Mai'adua ba komai, hanyar da na sani ce. A Kwangwalam, bakin iyaka, aka fara. Mun wuce jami'an namu ba matsala, muka isa wajen na Nijar, wani matashi cikin kaki ya nuna akwatin.

"Hajiya, me ke ciki?"

"Murhu ne."

Ya buɗe, ya ga wayoyi da farantan ƙarfe da tiyo a nannaɗe. Wallahi sai da ya yi tsalle baya. Kan ka ce kwabo an kewaye ni, an zaunar da ni a benci, direbanmu kuma mara mutunci har ya fara sauke sauran kayana. Raina ya ɓaci, na fara bayani da ƙarfi, kuma duk kalmar kimiyyar da na faɗa sai ta ƙara tsorata su. Ana haka babbansu ya fito, dattijo mai zanen Barebari a fuska. Ya dubi katina, ya dube ni, ya dubi dogon hancin da na gada wurin Baffa, mahaifina.

"Af, ashe Bafillatana ce," in ji shi. "Shi ya sa. In ba Bafillatani ba wa zai ɗauko murhu ya baro itacen a gida?"

Nan take na ji sanyi a raina. Na ce, "In ba Babarbare ba wa zai ga murhu ya nemi wurin ɓuya?"

Aka kwashe da dariya. Amma wasa bai hana shi aikinsa ba, ya ce sai na nuna. Aka ciro batirin wani babur, aka kawo ruwa a roba, na barbaɗa gishiri na haɗa wayoyi. Da kumfa ta fara tasowa daga jikin farantan, sai ga manyan mutane sun sunkuya suna kallo shiru. Dattijon ya ce in na dawo in biyo ta wajensa, matarsa ma idanunta kullum ja ne saboda hayaƙi. Da ya faɗi haka fuskarsa babu wasa.

A Damagaram na kwana, wurin Goggo Hure, ƙanwar Baffa da aure ya kai can tun tana yarinya. Hausarsu tamu ce, sai dai sun cusa mata Faransanci ta ko'ina, makaranta ma lakwal suke cewa. Da safe aka kawo mini burodi dogo kamar sanda, an tsaga cikinsa an zuba wake da mai. Na yi ta juya shi ina neman ta inda ake farawa, jikokinta suna ta yi mini dariya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Na fita neman layin waya na tarar an rurrufe shaguna, wai hutu ake. Na ce wa Goggo a Daura ɗan kasuwa ya rufe shago da azahar ya tafi barci, ai sai a je gaishe shi da jiki. Ta ce su ma haka suke mamakinmu, mutanen da ba su san rana ta fi ƙarfinsu ba.

Washegari da asuba na shiga babbar motar Yamai. Jama'a, Nijar tana da tsawo! Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, ana ta tafiya kamar ba za a isa ba. A shingen jandarma kowa sai ya sauka da katinsa a hannu, ya taka da ƙafa ya wuce, sannan mota ta biyo. Akwatina kuwa na koyi darasi, duk wanda ya tambaya sai in ce kayan makaranta ne, in miƙa takardar gayyata. Wadda ke kusa da ni wata Buzuwa ce mai shekaru, ba ta da yawan magana, amma ta ga ban ci komai ba ta ɓallo mini cuku, wato busasshen nonon da suke yi falle-falle, ta haɗa mini da dabino. Na kusa karya haƙori kafin ta nuna mini a baki ake barinsa ya jiƙa. Bayan Dogon Dutsi Hausa ta fara ƙarewa a bakin masu talla, Zabarmanci ya karɓa. Kalma ɗaya na kama, fofo, wato sannu, da ita na shiga Yamai.

Masaukina ɗaki ne a gidan baƙin ɗalibai. Tsaf-tsaf, ga fanka, ga ƙaramar tukunyar gas a lungu. Kowane ɗaki da tasa, saboda haka kowa ya dawo sai ya rufe ƙofa ya dafa nasa. Na yi kwanaki ban san sunan wadda ke jikin bangona ba. Ni da na tashi a gidan da ba a rufe ƙofa sai za a kwanta, abin ya dame ni, amma na ce wa kaina ai wannan shi ne ci gaba. Abinci kuwa ban sha wuya ba. Suna da kwaɗon zogale da suke ji da shi, ga kifin kogi, sai dai yajinsu ba ya kai namu, kullum ina ƙarawa daga ƙullin da na zo da shi.

Shugabar ɗakin binciken, Madam Ramatu, Bazabarma ce gajera mai saurin tafiya, tana jin Hausa amma a karkace take fitowa. Ranar farko na haɗa na'urata ina ji da kaina. Ta bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta ɗora tafin hannunta a jikin robar da ruwan ke ciki.

"Malama, da zafi."

"Ai aiki take yi," na ce.

"A'a, sata take yi. Duk zafin nan da kike ji lantarkinki ne ya gudu bai zama iska ba."

Ta sunkuya ta shinshina, ta ɗago da sauri ta kashe. Ta tambaye ni me na zuba a ruwan, na ce gishiri. Ta ce to warin nan mai shaƙe maƙogwaro daga gishirin yake, shi ke cin farantan, kuma guba ne. "Kin so ki raba tsohuwa da hayaƙi ki haɗa ta da abin da ya fi shi." Na san wannan, wallahi na sani, ina ma koyar da shi. Amma gishiri ne a kusa da hannuna, na ce ɗan kaɗan ba zai yi komai ba. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Daga nan muka shiga farautar asara, kusan wata biyu ba abin da muke yi sai ita. Muka bar gishiri muka koma soda, irin wadda matanmu ke yin sabulu da ita, a cikin tataccen ruwa. Muka canza farantan zuwa ƙarfen da soda ba ta ci. Farantaina sun yi nisa da juna, lantarki yana wahala kafin ya tsallaka, muka matso da su har sai da ƙyar za ka zura takarda, muka sa shamaki na musamman a tsakani don kada iskokin biyu su gauraya, domin in suka gauraya fashewa suke. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne kumfa. Ashe kumfar da jami'an iyaka suka yi ta kallo, in ta manne a jikin faranti rufe shi take, wurin ya daina aiki. Muka kankare fuskar farantan, muka sa ruwan ya riƙa zagayawa yana share ta. Kowace gyara sai mu auna, Madam ta ɗora hannu, ta ce saura. Har na fara mafarkinta tana cewa saura. Amma ranar da na taɓa robar na ji ta ɗumi-ɗumi kawai, iska kuma tana cika tanki ina gani, na tsaya na yi hamdala a bayyane.

Akwai abin da ba wanda ya gaya mini: wutar haidurojin ba a ganinta da rana. Mun kunna murhun gwaji a tsakar gida, na duba ban ga komai ba, na sunkuya in ga ko ya toshe. Sai ƙauri na ji, gefen mayafina na fita kunya yana ci. Na yi ta salati ina bugunsa da takalmi, ɗalibai suna ƙoƙarin haɗiye dariya. Tun daga ranar aka nuna mini dabararsu, tsinken tsintsiya ake miƙawa, in ya kama to akwai wuta.

A ƙofar wurin akwai samarin da ke zama suna dafa shayi a ɗan murhun waya, tun hantsi har la'asar. Wata rana muna fitowa da Madam, na ga mai gadin gidan da ke tsallake ya zo da murfin gwangwani, ko izini bai nema ba ya ɗauki garwashi biyu. Maimakon ya tafi sai ya tsuguna, aka miƙa masa kofi, aka shiga hira. Ni kuwa idona ya riga ya koyi ganin asara a ko'ina, na ce, "Madam, dubi gawayin da ake ƙonawa saboda ɗan shayin nan."

Ta ce, "Na taɓa kai wa uwata murhu mai kyau a ƙauye. Har ta rasu yana cikin kwalinsa."

"Me ya sa?"

"Ban tambaye ta ba. Ke ki tambayi taki."

Na ce to, amma a raina na ce ai tawa likita ya riga ya yi mata magana.

Dawowa ba ta yi wuya ba. A iyaka ban tarar da dattijon nan ba, an ce an canza masa wurin aiki, na bar masa saƙon gaisuwa da ban san ko ya isa ba. Na huta kwana biyu na wuce ƙauye da kafinta da mai haɗa sola. Muka kafa komai a fili bayan rumbu, nesa da ɗaki, muka ja tiyo zuwa inda Inna ke suya. Ta ƙi yarda da wutar da ba ta gani, ta ce wannan ai ta aljanu ce. Sai na ɗora ragar ƙarfe a kan murhun, in ta yi ja ta san wuta na ci. Da asubar farko mai ya yi zafi, ƙosai ya taso, tsakar gida fes, ina ganin fuskar Inna sarai ba ta cikin hayaƙi ba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Gari na fara haske sai ga maƙwabciyarmu Lantana ta shigo ta kafar danga, da tsingaro a hannu, ta zo ɗiban wuta. Bayanta ga Iya Tasalla, ga wasu. Haka ake yi tun ina yarinya, gidan Inna ne ke fara hura wuta a unguwar, kowa nan yake ɗiban garwashi. Na tashi da fara'ata na yi musu bayani, wannan murhu ba ya barin garwashi, ba ya barin toka, ba abin da ke tafiya a banza. Suka yi ta sa albarka, suka juya da tsingaronsu wayam. Inna kuwa ta ci gaba da juya ƙosai.

Na koma Daura ina jin na gama aiki. In na kira ta a waya sai ta ce lafiya lau, a gajarce. Bayan 'yan makonni na ce bari in je ba sanarwa in duba tankin. Na yi sammako, tun daga bakin hanya na hango hayaƙi yana tashi daga gidanmu. Na shiga na tarar da murhuna yana aiki lafiya, ƙosai na soyuwa a kansa, a gefe kuma Inna ta haɗa duwatsu uku ta hura itace, ba komai a kai, wuta kawai take ci.

Kun san ni da zuciya. Na manta da gaisuwa, na ce, "Haba Inna! Na bar 'ya'yana, na keta ƙasar mutane, an kusa ɗaure ni a iyaka, duk don in raba ki da wannan, ke kuma ki koma masa da hannunki? So kike ki mutu?"

Ta ajiye matsamin ƙosai ta juyo.

"Ke Saude, ni za ki ɗaga wa murya a gidana? To tsaya ki ji, tunda karatun naki bai kai nan ba. Tun da kika kafa abin nan wa ya taka gidan nan da safe, in ba mai saye ba? Kina tsammani Lantana ashana ce ba ta da ita? Mijinta ya tafi kudu tun kaka, ko saƙo babu. In ta zo ɗiban wuta nakan ɗora mata ƙosai a ganye ta rufe da mayafi, ta fita, kowa ya ga wuta ta ɗiba. Yanzu da wane dalili za ta shigo, ta ce ta zo roƙo? Iya Tasalla ta yi kwana uku a kwance ban sani ba, ni da nake fara sanin wanda bai tashi lafiya ba a unguwar nan, domin duk wadda ba ta zo ɗiban wuta ba na san da dalili. Kin zo kin tsaya a gabansu kina washe baki wai ba abin da ke tafiya a banza. Abin da nake ba mutane shi ne banza? Kin raba ni da hayaƙi, na gode, Allah ya yi miki albarka, amma kin bar ni ni kaɗai da kasko kamar mayya, kuma ki zo ki tambaye ni ko so nake in mutu!"

Ta tsaya tana huci, idonta a kaina, tana jiran in ba ta amsa. Ni kuwa ba maganar ce ta riƙe ni ba, ko da yake kowace kalma ta shige ni. Wani abu ne daban na lura da shi.

"Inna," na ce, "ba ki yi tari ba."

Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta tsaya. Ta ɗora hannu a ƙirjinta, ta ja numfashi a hankali, ta sake shi. Muka yi ta kallon juna. Can ta ce, "To sai me? Shi zai hana ni faɗa miki gaskiya?" Amma ta juya fuska tana goge ido da gefen zani, ni ma na durƙusa na gaishe ta, gaisuwar da ya kamata in fara da ita.

A ranar muka kashe itacen. Na aika aka sayo gawayi da kaskon wuta. Yanzu kowace asuba, kafin ta ɗora mai, Inna takan zuba gawayi a ragar nan ta kunna masa iskar har ya kama ya yi ja, sannan ta juye a kasko ta ajiye can bakin danga inda iska ke kaɗawa. Yana cin wani kaso na iskar da na sha wahalar tarawa, wasu ranakun ma suyar ƙarshe da ƙyar take kaiwa. Da na gaya wa Madam Ramatu a waya na ɗauka za ta ce saura. Sai kawai ta ce in gaishe mata da Inna.

Tarin bai tafi duka ba, likita ya ce abin da ya ƙone ba ya dawowa, sai dai a tsare saura. Amma shekaranjiya da na kira ta da safe, ta amsa gaisuwata, ta tambayi gajiya, ta tambayi maigida, ta bi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu har ta kai auta, ba ta tsaya ba. Ina shirin in tambaye ta tankin sai ta ce, "Kashe wayar nan, Saude, ga Lantana ta shigo ɗiban wuta."